Yadda ake kula da kifi da namun daji a ƙungurmin dajin da doka ta killace

Gandun daji iri-iri ne. Akwai wanda ake shiga da mota yawon kallo, akwai wanda ake sarar katako a cikinsa bisa ƙa'ida, akwai kuma wanda doka ta ce a bar shi yadda Allah ya yi shi: ba hanyar mota, ba gini, ba inji, mutum baƙo ne da zai shiga da ƙafa ya fita. Irin wannan na ƙarshe ne ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa a rukunin da take kira Ib. A Amurka dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964 ce ta kafa shi. Ta hana mota da inji da saukar jirgi da kafa gini, sai abin da kula da wurin ya wajabta, shi ma daidai gwargwadon buƙata.

Aikin ma'aikaci a nan ya sha bamban da na makiyayi. Makiyayi so yake garke ya ƙaru. Ma'aikacin wannan daji so yake fari da ambaliya da gobara da zaki su ci gaba da aikinsu, ko da wata shekarar dabbobi sun ragu. Yawancin lokaci da muguwar rawa gara ƙin tashi. Inda ake sa hannu shi ne inda mutum ne ya ɓata abu tun farko, kuma wurin ba zai gyaru da kansa ba.

Fara da takarda

Kafin a taka daji a san wa ke da iko da me. A ƙasashe da yawa hukumar da ke riƙe da ƙasar daban take da wadda ke ba da lasisin farauta da su. A Amurka, misali, ƙasar tana hannun gwamnatin tarayya, amma dokar 1964 ta bar wa jihohi ikonsu a kan kifi da namun daji. Idan hukumomin biyu ba su rubuta yarjejeniya ba, sai ka tarar ɗaya tana zuba kifi a tafkin da ɗayar ke wahalar kwashewa. A rubuta wa ke ba da izinin tashin jirgi, wa ke yarda da zuba magani a ruwa, wa ake kira idan dabba ta fita ta yi ɓarna a gonaki.

Sanin abin da ke ciki

A fara jera sunayen halittun wurin kashi uku: 'yan asali da ke nan, 'yan asali da suka ɓace, da baƙin da mutum ya kawo. Tsofaffin rahotanni da takardun zuba kifi da bakin dattawan da suka san dajin duk suna taimakawa. Kusan duk shawarar da za a yanke daga baya a kan wannan jeri take tsayawa.

Sai ƙidaya. Ba a ƙirga kowace dabba, samfuri ake ɗauka a auna sauran da shi.

A fili mai sarari ana bin layi da ƙafa. A ja layukan a kan taswira tun a ofis, a zaɓi mafarin na farko da ƙuri'a, sauran su biyo da tazara iri ɗaya. Kada layi ya bi gefen kogi ko tsohuwar turba don sauƙin tafiya, domin nan dabbobi ke taruwa, kuma adadin zai kumbura. Mutum uku sun isa: mai riƙe kamfas, mai dubawa, mai rubutu. A fita da sassafe, a yi tafiyar da ba ta wuce kilomita 2 a awa ba. Duk garken da aka gani a rubuta irinsa da yawansa da nisansa da kusurwarsa daga layi, kuma a auna nisan zuwa inda aka fara hango shi kafin ya zabura. Lissafin yana buƙatar gani 60 zuwa 80 na kowace irin dabba kafin a amince da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kintacen nisa da ido, sai takarda ta cika da mita 50 da mita 100. Na'urar auna nisa ce maganinsa.

Dabbobin dare da masu ɓuya, irin su damisa, da kyamarar da motsi ke tayarwa ake kama su. A ɗaura ta a jikin itace daidai gwiwa, santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, tana kallon arewa ko kudu don kada hudowar rana da faɗuwarta su wanke hoto. A share ciyawar gabanta, in ba haka ba iska kaɗai za ta cinye batir a kwana biyu. Idan ana son bambanta damisa da 'yar uwarta, a kafa kyamara biyu suna fuskantar juna, saboda zanen gefen dama ba ɗaya yake da na hagu ba. Kada zagaye ɗaya ya wuce wata uku, don lissafin ya ginu ne a kan cewa ba a haifa ba, ba a mutu ba, ba a yi ƙaura sosai ba a tsakanin lokacin. Inda akwai kura da giwa a sa akwatin ƙarfe. A kuma duba kwanan wata da agogon kowace kyamara kafin a bar ta. Hoto dubu mai kwanan ƙarya wahalar banza ce.

A kurmi mai duhu kashin giwa ake ƙirgawa. Sai dai adadin tulin kashi ba ya faɗin komai sai an san kwana nawa yake yi kafin ya ruɓe, kuma wannan ya danganta da ruwan sama da gara da buzuzu. A auna shi a wurin, a cikin yanayin da za a yi ƙidayar. Aron adadi daga wani daji kan ninka giwayen ko ya raba su biyu.

Kifi kuwa hanya biyu ce mai sauƙi. A tafki a kama wasu, a yi musu alama, a sake su, a jira 'yan kwanaki su gauraya, a sake kamu. Idan an yi wa 100 alama, kamu na biyu ya ba da 80, 20 a cikinsu masu alama, sai a ninka 100 da 80 a raba da 20: kifi kusan 400 ke nan. Idan alamar tana gogewa, ko masu alamar sun koyi gudun raga, adadin zai fi gaskiya yawa. A ƙorama kuma a tare tsawon mita 100 da raga sama da ƙasa, a bi da na'urar lantarki mai sumar da kifi sau biyu da ƙoƙari iri ɗaya, ana ajiye kamun kowane zagaye a gefe. Idan na farko ya ba da 60, na biyu 20, a ninka 60 da kansa a raba da bambancinsu, wato 40, a sami 90. In kamu na biyu ya kusa kai na farko, lissafin ya rushe, sai a ƙara zagaye. Lantarki mai ƙarfi yana karya ƙashin bayan manyan kifaye, saboda haka a fara daga ƙasa a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma tace ruwa a nemi ɓurɓushin sinadarin gado, wato DNA, da kifi ke zubarwa. Yana nuna akwai ko babu, amma ba ya faɗin yawa, kuma a ruwa mai gudu yana iya zuwa daga can sama.

Duk hanyar da aka zaɓa a riƙe ta, a wata ɗaya na kowace shekara. Wanda ya canja hanya a tsakiya ba zai san ko dabbobin ne suka canja ko ma'auninsa ba.

Tambayoyi kafin a taɓa komai

Ƙidaya ta nuna matsala. Tambaya ta farko: mutum ne ya jawo ta? Raguwar barewa bayan fari biyu a jere lamarin daji ne, a bar shi. Ta biyu: idan aka cire sanadin, wurin zai farfaɗo da kansa? Ta uku: za a iya yin gyaran a wajen iyaka? Sau da yawa amsar eh ce, kamar yadda za a gani a batun cuta. Ta huɗu: me zai ɓace har abada idan aka naɗe hannu?

Sai an tsallake waɗannan ake maganar kayan aiki, kuma mafi sauƙin illa ake ɗauka: ƙafa kafin alfadari, alfadari kafin helikwafta, zarton hannu kafin na inji. Araha ko saurin gamawa ba hujja ba ce. Amma kada a mai da wannan karatun aku. Tashin helikwafta na awa ɗaya kan fi sawu arba'in na alfadarai sauƙi ga ƙasa mai laushi. A rubuta zaɓuɓɓukan duka, har da na ƙin yin komai, da dalilin ɗaukar wanda aka ɗauka. A kuma rubuta tun yanzu adadin da in an kai shi aikin ya ƙare, da wanda in an gan shi za a san an yi kuskure.

Ba kullum amsar ke fitowa fili ba. A tsibirin Isle Royale da ke cikin tafkin Superior a Amurka ana bin kyarketai da manyan barewar da ake kira mus tun 1958. Barbara tsakanin 'yan uwa na kusa ta raunana kyarketan har saura biyu a 2016, kuma ƙanƙarar da sababbi ke takowa a kanta daga gaɓa ta rage daskarewa. Wasu masana suka ce a bar tsibirin da ƙaddararsa, wasu suka ce mus za su cinye itatuwan. A ƙarshe an kai kyarketai 19 a 2018 da 2019. Kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi, kuma muhawarar ta ɗauki shekaru kafin a yanke.

Kifi: inda aka fi yin gyaran gangar auzinawa

Tafkin da ba shi da kifi tun asali ba kufai ba ne. Cike yake da kwaɗi da ƙwarin ruwa da tsuntsayen da ke cinsu. A duwatsun Sierra Nevada na Kalifoniya yawancin tafkunan can sama haka suke, sai aka yi ta zuba musu kifin tirawut don masu fatsa, da alfadarai da farko, daga baya da jirgin sama. Kifin ya cinye 'ya'yan wani kwaɗo mai ɗorawar ƙafa har ya ɓace daga mafi yawan mazauninsa. A tafkin Biktoriya giwan ruwan da aka saka a shekarun 1950 ya bunƙasa a shekarun 1980, ƙananan kifaye na asali iri-iri masu yawan gaske suka shuɗe. Ƙa'idar ke nan: ba a zuba kifi inda babu shi, ba a zuba baƙo inda ɗan asali yake, ko ɗan asalin ne ma ba a kawo na gidan ƙyanƙyasa daga wani kogi, don yana gurɓata jinin na wurin.

Idan baƙon ya riga ya shiga, girman ruwan ne ke nuna abin yi.

Ƙaramin tafki, kamar hekta 3 zuwa ƙasa, marar zurfi sosai kuma marar ƙoramun da kifi ke haihuwa a ciki, raga tana iya ƙarar da shi. A yi amfani da ragar da ake kafawa a tsaye cikin ruwa, mai idanu manya da ƙanana, don ta kama uwa da 'ya'ya. Manyan kan ƙare a shekarar farko, ƙananan ne ke jan aikin shekaru. Ba a cewa an gama sai raga ta kwana cikin ruwa tsawon zango guda ba ta kama ko ɗaya ba. Wanda ya janye da wuri ya bar biyu-uku, bayan 'yan shekaru zai dawo ya fara daga farko.

Babban tafki labari ne daban. A tafkin Yellowstone, cikin gandun dajin Yellowstone na Amurka, an tabbatar da shigar wani baƙon tirawut na zurfin ruwa a 1994. Yana cin tirawut na asali, wanda ke hawa ƙoramu ya yi ƙwai, inda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, da tsuntsaye masu su ke samun abinci. Baƙon a can ƙasa yake zama, ba mai isa gare shi. An kwashe miliyoyi da raga, ɗan asalin ya fara dawowa, amma aikin danne shi ne kawai, ranar da aka daina zai sake tasowa.

A ƙorama, idan lantarki ya gaza, akwai maganin rotinon da ake samu daga saiwar wasu tsirrai, wanda ke hana kifi amfani da iskar da yake shaƙa. Aikin masu lasisi ne da izinin hukuma. Zuba shi ba izini laifi ne. Ga yadda ake bi:

Da farko a tabbatar akwai shamaki a ƙasan ruwa, ko inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ko wanda aka gina, in ba haka ba baƙon zai sake hawowa. A bi ƙoramar da ƙafa daga tushe a rubuta kowane idon ruwa da kududdufi da fadama, domin nan kifi ke fakewa. A kwashe 'yan asalin da suka rage a ajiye su a wani ruwa. A zaɓi lokacin da ruwa ya ja baya, ƙwai sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan kwaɗi kuma sun zubar da wutsiya, tunda maganin yana kashe masu wutsiyar amma ba ya shiga cikin ƙwan kifi.

Sannan a auna ruwan: faɗi sau zurfi sau gudu. Ƙorama mai faɗin mita 3, zurfin santimita 20, gudun santimita 30 a daƙiƙa, tana kai lita 180 a daƙiƙa. Idan gwaji ya nuna kashi 1 cikin miliyan na ruwan maganin ya isa, mililita 11 ke nan a minti, kusan 650 a awa. Gwajin kuwa da kifin wurin ake yinsa, a cikin bokitai na ruwan wurin, don a gano mafi ƙarancin da ke aiki, kuma ba a wuce abin da takardar maganin ta iyakance. A zuba rini marar illa a ga saurin tafiyar ruwa, a jera tasoshin ɗigo da tazarar awa ɗaya zuwa biyu na tafiyar ruwan, saboda rana da laka da ruɓaɓɓen ganye suna cinye ƙarfin maganin a hanya. Gaban kowace tasha a ajiye kifi cikin keji. In bai mutu ba, maganin bai iso ba. Masu feshin goyo su bi kududdufai. Kowa da safar hannu da tabarau da abin rufe hanci.

A ƙarshen yankin ake kafa tashar karya maganin da sinadarin famanganet, mai mai da ruwa shunayya. Yana buƙatar kamar rabin awa yana gauraya kafin ya gama aiki, don haka a ajiye wani kejin kifi a nisan rabin awa ƙasa da tashar. Nan ne haɗarin ya fi yawa. Idan injin ɗigo ya tsaya cikin dare ba mai gadi, kifin mutane ne zai mutu kilomitoci a ƙasa. A tanadi na'ura ta biyu da sinadari fiye da lissafi, kuma kada a rufe tashar sai kifin kejin da ke sama da ita ya rayu awanni lafiya. Yawanci ana maimaita aikin shekara mai zuwa, a tabbatar da lantarki da gwajin DNA, kafin a mai da 'yan asali.

Takalmin ruwa da raga da kwalekwale suna ɗauke da cuta daga wannan ruwa zuwa wancan, har da naman gwarin da ya halaka kwaɗi a nahiyoyi da dama. A wanke laka, a tsiyaye, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya su bushe ƙayau. Masu fatsa kuma a hana su shiga da ƙananan kifaye masu rai don sa wa ƙugiya, domin ragowar bokitinsu a tafki take ƙarewa.

Ruwan sha da abinci

Ganin dabba cikin ƙishi yana sa a so haƙa mata rijiya. Gandun Kruger na Afirka ta Kudu ya haƙa burtsatse sama da 300. A filayen arewacinsa masu ƙarancin ruwa, inda gwanki ke zaune lafiya, ruwan ya jawo jakunan dawa da sauran masu kiwo, zakuna suka biyo su, gwankin ya kusa ƙarewa daga ƙarshen shekarun 1980. Garin neman gira aka rasa ido, sai da aka koma rufe rijiyoyin. Ruwa na dindindin yana sa a cinye ciyawar kewayensa har ƙasa ta fito, yana hana ƙaura, yana tara cuta wuri ɗaya. Haka ajiye gishirin lasa da zuba ciyawa. Inda kawai za a duba batun shi ne idan shinge ko madatsa ta mutum ce ta raba dabbobi da ruwansu na asali, kuma ko nan buɗe hanyar ya fi.

Idan wata dabba ta yi yawa

Mai cin ciyawa da ba shi da mai cinsa kuma ba hanyar fita yakan ci har ya ci kansa. A tsibirin St. Matthew na tekun Bering an saki barewar ƙanƙara 29 a 1944. A 1963 sun kai 6,000. A 1966 saura 42. Alamar tana fitowa a tsirrai kafin dabbobi: babu 'ya'yan itatuwa masu tasowa, ganye ya ƙare daidai inda baki ke kaiwa. A killace ƙaramin fili, mita 10 sau 10, a kwatanta ciki da waje shekara-shekara.

Idan baƙi sun fi iri ɗaya, a yi tunanin wa ke danne wa. A tsibirin Macquarie na Ostareliya an gama da maguna a 2000 don ceton tsuntsayen teku. Zomaye, waɗanda su ma baƙi ne, suka yi yawa, suka aske tsaunukan. Sai da aka yi wani babban aiki a kan zomaye da ɓeraye tare, aka ayyana tsibirin ya tsarkaka a 2014.

Dawo da wadda ta ɓace

IUCN ta fitar da ƙa'idojinta na yanzu a kan wannan a 2013, kuma sharaɗin farko shi ne a kawar da abin da ya ƙarar da dabbar. Sakin karkanda inda mafarautan da suka kashe na da suke nan ciyar da su ne. A ɗebo daga garken da ya fi kusa da na wurin a jini da yanayi, daga dangi daban-daban, likitan dabbobi ya tsare su ya gwada su kafin tafiya.

Wajen kamu zafi da gudu ne ke kisa. Dabbar da aka kora da yawa tsokarta kan lalace, ta mutu nan take ko bayan kwanaki. A yi kamu da sanyin safiya, kora kada ta wuce 'yan mintoci, in ta wuce a ƙyale ta sai wata rana. Da ta faɗi a rufe mata ido, a toshe kunne, a yi shiru, a riƙa auna zafin jiki ana yayyafa ruwa. Masu tuƙa, irin su ɓauna da gwanki, a gurfanar da su a kan ƙirji, kai sama da ciki, hanci yana kallon ƙasa, don kada su kumbura ko su shaƙi amai. Giwa akasin haka ce: a kan ƙirji numfashinta ke tsayawa, dole a kwantar da ita a gefe a miƙe hancinta, a tabbatar bakin hancin a buɗe yake. Wasu magungunan sumarwa ɗigonsu na kashe mutum, saboda haka makarinsu ya kasance a hannu kafin a ɗura kibiya.

Dabbar da aka saki kai tsaye takan kama hanyar gida. Kyarketai 14 da aka kawo Yellowstone daga Kanada a 1995, da 17 na 1996, sai da suka yi makonni a killace cikin dajin kafin a buɗe musu. A kuma kula da tsarin zamansu. A gandun Pilanesberg na Afirka ta Kudu an kai marayun giwaye ba manya, samarin suka taso suna kashe karkanda, abin bai lafa ba sai da aka kawo manyan toraye shida daga Kruger a 1998. A sa wa wasu abin wuya mai nuna inda suke, a bi su aƙalla har su hayayyafa.

Cuta da mushe

Yawancin annoba daga dabbobin gida take shigowa, don haka a bakin iyaka ake yaƙarta. Da aka yi wa shanun kewayen gandun Serengeti na Tanzaniya rigakafin cutar bushiya, cutar ta ɓace daga namun dajin a farkon shekarun 1960 ba tare da an yi wa ko ɗaya allura ba, garken wildibis, wata dabbar dawa mai kama da saniya, ya ninka har ya haura miliyan. A 1994 wata cutar karnuka ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin. Allurar karnukan ƙauyukan kewaye, da raba tumakin gida da na dawa, sun fi bin dabbar daji da sirinji.

Mushe na yau da kullum abincin ungulu da kura ne, a bar shi. Amma idan dabba mai ƙiba ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, a ɗauka ciwon saifa ne. Kada a farke ta: ƙwayar cutar in ta sha iska takan yi ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru gommai. A ɗauki ɗigon jini daga bakin kunne da safar hannu, a hana masu cin mushe isa, a ƙone ta ƙurmus inda take. Idan kuwa ungulaye ne zube kewaye da gawa ɗaya, guba ce. A ɗauki hoto da samfuri don shari'a, a ƙone ragowar a ranar, in ba haka ba kowace awa tana ƙara gawa.

Mutane

Dabbar da ta ɗanɗana abincin mutum takan daina tsoro, ƙarshenta harbi. Yellowstone ta koyi wannan da beyar ɗin da suka saba da jujinta kafin a rufe su wajen 1970. Abinci a rufaffen akwati, shara a fita da ita, wurin girki nesa da wurin kwana. Dokar wurin a yau ita ce mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, mita 23 da yawancin sauran. Wuraren haihuwa da sheƙa a rufe su na ɗan lokaci.

Sintiri da ƙafa ake yi, a riƙa canja hanya da rana. Tarkon waya a turbar zuwa ruwa ake samunsa. Kowace fita a ɗauki sawunta da GPS a shigar a manhaja irin SMART, kuma a auna tarko nawa aka cire a kowace kilomita da aka taka. Jimilla kaɗai tana ruɗi: tarko ya ragu a rahoto, alhali ma'aikata ne suka rage fita. Inda akwai al'ummar da ke rayuwa da dajin tun kaka da kakanni, rukunin Ib ya amince da amfaninsu na gargajiya, kuma da su ake zama a tsara lokaci da adadin abin da za a ɗauka.

Kowane aiki yana da ranar kwashe kaya. A ƙirga abin da aka shiga da shi, kyamara da keji da turaku da tutocin alama da waya, a sake ƙirgawa wajen fita. Raga ce ta fi muhimmanci a wannan lissafi, don wadda ta tsinke ta nutse tana ci gaba da kama kifi da tsuntsaye shekara da shekaru. A rubuta wurin kowace da GPS ranar da aka kafa ta, a ɗaura mata igiya biyu, kuma in ɗaya ta ɓace a ja ƙugiya a ƙasan tafkin har a same ta.